Filayar matse kan waya: za mu iya ƙera tamu a Magazin?

Mutala, Suame

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni dai sana'ata sassaƙar ƙarfe ce a kan inji a cikin Magazin, unguwar makanikai da maƙera ta Kumasi, lantarki kuwa iyakata in kunna in kashe, amma tambayata ta shafi aikinku kai tsaye. A cikin watan nan mutum uku suka kawo mini filayar matse kan waya, wato ɗan ƙarfen nan da ake sa wa bakin wayar lantarki, domin in gyara, irin mai haƙoran kulle ɗin nan wadda idan ta kama ba ta saki sai ta kai ƙarshe. Ta farko haƙoranta sun cinye, ta biyu ƙusar tsakiyarta ta yi sako-sako, ta uku kuma bakinta ya daina haɗuwa daidai. Da na warware su na baza gutattakin a kan benci, ban ga abin da ya fi ƙarfin mutanen Magazin ba: faranta na ƙarfe, ƙusoshi, sifirin biyu da muƙamuƙi masu gurbi uku. Shi ne na ce me zai hana mu ƙera tamu. Kafin in ɓata ƙarfe da lokaci, ina roƙon ku da kuke riƙe ta kullum ku faɗa mini, a jikinta wane ɓangare ne idan aka kuskure shi aiki ya lalace, wane ne kuma ado kawai?

Baba Seidu, Aboabo

Wa alaikumus salam, Mutala, Allah ya yi albarka. Shekarata 34 ina wayar mota, tun zamanin Bedford da Peugeot 504 har zuwa Sprinter da ake trotro, wato hayar fasinja, da ita yau, kuma ban taɓa mallakar irin wannan filaya mai ƙaras-ƙaras ba. Nakan fere waya, in zura ta a bututun kan, in danne da filayar da kowa ya sani, sannan in zuba dalma ta bi ta cika. Motocin da na ɗaura wa waya suna zuwa Bolga da Bawku suna dawowa lafiya. Idan ƙira za ka yi, ka ƙera mai sauƙi da ƙarfe nagari wadda yaro ba zai karya ba, ka rabu da haƙoran kulle, tunda kai ma ka ga su ne farkon abin da ke mutuwa. Hannun da ya saba ya san inda zai tsaya.

Abdul-Razak, Asawase

Baba, Allah ya ƙara girma, hannunku ya san inda zai tsaya, amma na yaran da muke ɗauka koyon aiki bai sani ba, kuma ko ƙwararre ne, matsar da ya yi da safe da wadda zai yi bayan la'asar da gajiya a jikinsa ba za su zo ɗaya ba. Ni aikin sola da inbata nake yi. A 2015, lokacin da dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ya tsananta, an kira ni wani gida a Sawaba, inbata mai wat 1500 a kan batir mai bolt 12 tana kuka tana ɗaukewa duk sanda firji ya tashi. Ina taɓa kan wayar batirin na janye hannu ba shiri. Robar wayar ta yi baƙi ta ja baya kamar tsawon gaɓar yatsa. Wanda ya yi aikin guduma ya sa ya baje kan, a ido ya kwanta lif, ko ja ka yi ba ya fita. Da na tsaga shi da zarto sai na tarar silin tsakiya ne kaɗai suka matsu, na gefe da gefe suna kwance a sake, sun yi baƙi-baƙi da kore-kore.

Lissafin ba shi da wuya. Wat 1500 a kan bolt 12 yana jan amfiya 125, kafin ma a ƙara asarar inbatar. Zafin da mahaɗa ke fitarwa kuwa shi ne amfiya sau amfiya sau turjiyar wurin. Idan mummunar matsa ta bar turjiyar da ba ta wuce kashi 2 cikin 1000 na om ɗaya ba, an sami wat 31 ke nan a kan ɗan ƙarfen da bai kai babban yatsa ba, wato kwatankwacin ƙarfen narka dalma da aka jona aka manta da shi a cikin akwatin batir.

Malam Issaka, Tafo

Ina koyar da aikin lantarki, kuma abin da nakan fara cire wa ɗalibai daga kai shi ne zaton cewa matse kan waya riƙo ne kawai, kamar yadda ake damƙe igiya. Matsa ta gaskiya tana sauya siffar jan ƙarfen ne. Bututun kan da silin wayar suna lanƙwasa tare, kowane sili ya bar siffarsa ta kewaye ya zama mai kusurwoyi kamar saƙar zuma, dattin tsatsar da ke bayansa ya farfashe, ƙarfe tsirara ya haɗu da ƙarfe tsirara, iska kuma ta rasa hanyar shiga. Inda iska da laima ba su shiga ba, tsatsa ba ta tsiro, shi ya sa mahaɗar da aka matse daidai take shekaru ba ta ɗumama ba. Idan matsar ta gaza, abin da Abdul-Razak ya gani ke nan. Idan kuma ta wuce kima, silin suna sirancewa su tsinke, bututun ya tsage. Tazarar da ke tsakanin gazawa da wuce kima ƙanƙanuwa ce ƙwarai: a ƙananan kawuna irin na mota, masu ƙera su kan ba da kaurin da matsa za ta tsaya a kai, da rangwamen da bai wuce milimita 0.05 sama ko ƙasa ba. Babu hannun da zai ji wannan, Baba, komai daɗewarsa a sana'a.

Wannan fasaha ma daga buƙatar jiragen sama da na ruwa ta bunƙasa. Kamfanin AMP da Uncas Whitaker ya kafa a Amurka a 1941, wanda yau ya zama ɓangaren TE Connectivity, ya yi suna ne da kawunan waya marasa dalma, kuma tun daga farko yana sayar da kan tare da filayar da aka auna dominsa. Mutala, ka riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Game da dalma, aibinta a mota shi ne tana bin silin ta haura cikin waya har ƙarƙashin roba, ta mayar da wurin sanda. Daidai inda sandar ta ƙare, nan girgiza take taruwa. A cikin gida kuma, ƙa'idar waya ta Ingila, BS 7671, wadda da yawanmu muka yi karatu da ita, ta hana a shafe bakin waya mai sili da dalma sannan a ɗaure shi da sukuru, saboda dalma tana da taushi, tana zamewa a hankali ƙarƙashin matsi har sukurun ya saki.

Baba Seidu, Aboabo

Malam, maganar karyewa a bayan dalma ba zan musa ba, na sha ganinta a wayar altaneta, musamman a aboboya, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, da ke bin hanyoyin zango. Mu kan ce wayar ce ta gaji. Sai dai ban yarda filaya mai kulle ta fi hannuna ba har sai na gani.

Mutala, Suame

Malam, na gode. To ga abin da ya ɗaure mini kai. Filaya mai arha irin ta almakashi, wadda ake fere waya da ita a kuma yanke ƙananan sukurori, na auna ta: daga ƙusa zuwa ƙarshen mariƙi milimita 200, daga ƙusa zuwa gurbin matsa kamar 20. Ke nan ƙarfin hannu yana ninkuwa sau 10. Mai kullen kuwa mariƙinta bai fi wancan tsawo da yawa ba, amma tana matsawa fiye da ita nesa ba kusa ba. Ina ƙarfin yake fitowa?

Malam Issaka, Tafo

Daga ɗan guntun ƙarfen nan da ke tsakanin mariƙi da muƙamuƙin da ke motsi. Ka dubi ɗan dako a kasuwar Kejetia idan ya tsuguna aka ɗora masa buhu: tashin farko shi ne wahala, amma da gwiwarsa ta kusa miƙewa, ko an ƙara masa rabin buhu zai riƙe. Guntun nan da mariƙin gwiwa ce. A farkon rufewa suna tafiyar da muƙamuƙi da sauri amma da ƙarfi kaɗan, wanda ya isa, tunda a lokacin bututun ne kawai ke lanƙwasa. Da suka kusa zama layi ɗaya sai tafiyar ta ragu ƙarfin ya ninku sosai, daidai lokacin da ake murƙushe silin. Saboda haka wurin da ka huda ramukan ƙusoshin nan ya fi kaurin faranti muhimmanci. Ka gusa rami ɗaya da rabin milimita, ko dai gwiwar ta miƙe muƙamuƙi bai gama rufewa ba, ko kuma muƙamuƙi ya rufe ƙarfin bai iso ba.

Haƙoran kulle su kansu ba sa ƙara ƙarfi ko kaɗan. Aikinsu ɗaya ne, su hana mai aiki ya saki a rabin hanya. Dole a bar musu ɗan harshen kuɓuta a tsakanin mariƙai, domin ranar da kan ya shiga a karkace ko fatar yatsa ta shiga. Faifan nan mai alamar ƙari da ragi kuma yana zaune ne a kan ƙusar da cibiyarta ta ɗan gusa gefe, idan aka juya ta sai ta matso da muƙamuƙi ta cike abin da cin ƙarfe ya rage.

Sai maganar yadda bakin ke rufewa. A irin ta almakashi muƙamuƙi yana zuwa ne a baka, gefen da ke kusa da ƙusa ya riga taɓawa, ya tura kan gefe. Masu tsada, irin wasu na Knipex da ake yi a Wuppertal ta Jamus, an tsara su muƙamuƙan su sauko a miƙe suna fuskantar juna. Wannan ya fi wuyar ƙira, amma shi ke ba da matsa mai daidaito hagu da dama.

Rashida, Nima

Ina gaida iyayena, ina biye da ku daga Ankara, babban birnin Ghana. Aikina haɗa allunan bireka da na sarrafa injuna, kuma akwai ranar da nakan matse ƙananan bututun bakin waya fiye da 300 kafin a tashi. Akwai abin da ban ji kowa ya ambata ba, wato faɗin buɗewar mariƙi. Filayar farko da na saya a wajen Opera Square, idan ta buɗe yatsuna ba sa kaiwa ɗaya mariƙin, sai na sa hannu biyu na fara rufe ta, alhali hannu na biyun shi ya kamata ya riƙe waya. Sakamakon haka waya takan zame baya kaɗan kafin haƙori ya kama, in matse rabin sili. Wata uku ina haka, wuyan hannuna ya riƙa yi mini zugi da dare. Masu ƙira da yawa hannun ƙaton namiji suke aunawa, wanda damƙarsa kan kai kilo 40 zuwa 50, alhali mata da yara masu koyo ba su kai nan ba.

Yaya Mutala, ga abin da zan roƙa. Haƙorin farko ya kama da wuri kuma da taushi, yadda zai riƙe kan ba tare da ya lotsa shi ba, in sami damar zura waya a natse. A bayan muƙamuƙi a sa ɗan matokari da kan zai jingina a kai, domin kowace matsa ta faɗa wuri ɗaya. Sifirin mai buɗewa kada ya yi tauri, tunda shi ma da shi hannu ke kokawa sau 300. Kuma a allo mai cunkoso, filayar da ake zura mata waya ta goshi ta fi wadda ake zurawa ta gefe shiga lungu.

Siffar matsar ma da magana. Mai kusurwa huɗu ta fi zama daram a mahaɗa mai ramin murabba'i, mai kusurwa shida kuma ta fi shiga rami mai kewaye idan wuri ya ƙure.

Fuseini, Alabar

Ni mai sayarwa ne, bari in faɗi abin da ba a so mu faɗa. Ko Mutala ya ƙera filayar da ta fi ta Jamus, akwai matsalar da ba a bakin filaya take ba. Launin kawunan nan masu rigar roba ƙa'ida ce, bisa kaurin waya a murabba'in milimita: ja na waya 0.5 zuwa 1.5, shuɗi na 1.5 zuwa 2.5, rawaya na 4 zuwa 6. Amma ina da shuɗi iri biyu a shago, ɗaya jan ƙarfe ne mai kauri da aka like tsagar bututunsa, ɗaya kuwa siriri ne har kana iya lotsa shi da farce. Mai saye yakan tambayi kuɗi, ya ɗauki na biyun. Haka waya: akwai wadda aka rubuta 2.5 a jikinta amma cikinta bai kai ba, akwai kuma wadda alminiyam ce aka yi wa wankan jan ƙarfe, idan ka kankare sili da wuƙa sai ka ga fari. Filaya mai kulle za ta rufe har ƙarshe ta yi ƙaras ta buɗe, yaro ya ɗauka ya gama aiki, alhali gurbin an auna shi ne da kan mai kauri da waya cikakkiya. Kullen shaidar rufewar baki kawai yake bayarwa, bai san abin da aka sa masa a bakin ba. Masu sayen wayar kamfanonin Tema, irin su Nexans Kabelmetal da Tropical Cable, ba su cika dawo mini da wannan kuka ba.

Abdul-Razak, Asawase

Alhaji Fuseini ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ina da babbar mai matsawa da mai, irin mai muƙamuƙai masu kusurwa shida da aka buga wa lamba 16, 25, 35, 50, 70. Idan na sa kan 35 a muƙamuƙin 35 yakan fito a sake, idan na sauka zuwa 25 sai ƙarfe ya tsartu gefe biyu ya yi kunnuwa masu kaifi. Dalili shi ne lambar ta girman waya ce, alhali abin da muƙamuƙi ke taɓawa bayan bututu ne, kuma kaurin bututu ya bambanta daga maƙeri zuwa maƙeri. Masu bin ma'aunin Jamus na DIN 46235 bangonsu ya fi kauri. Haka abin yake a mahaɗar MC4 ta faifan sola: kanta buɗaɗɗe ne mai fukafukai biyu, gurbinta kuma yana da ɗan tudu a tsakiyar rufinsa wanda ke naɗe fukafukan su juyo su nutse cikin silin, siffar ta fito kamar harafin B a kwance. Wanda ya matse ta da gurbin shuɗi ko rawaya ya baje fukafukan ne kawai, kuma wannan mahaɗa a kan rufin kwano za ta zauna, cikin rana da ruwan sama.

Malam Issaka, Tafo

Mun dawo kan abin da na ce Mutala ya riƙe. Waya da kan da gurbi abu ɗaya ne, ba a auna ɗaya a bar biyu. Saboda haka kada ka fara da zanen filaya. Ka je wurin Alhaji Fuseini ka zaɓi kan iri ɗaya mai kyau wanda za a riƙa samu kullum, ka yanka gurbinka a kansa, ka kuma buga sunan irin a jikin filayar.

Gurbin kawuna masu riga hawa biyu ne: gefe ɗaya ya fi matsewa domin sili, ɗayan ya fi sauƙi domin ya rungumi robar waya kawai, shi ya sa juya kan baibai yake ɓata aiki. A marasa riga kuma, tsagar bututu tana kwanciya ne a cikin kwarin gurbi, haƙori ya danna ta bayanta, in ba haka ba ya buɗe tsagar.

Gwaji kuma ba ya buƙatar ɗakin bincike. Ma'aunin UL 486A na Amurka ya ce matsar waya mai lamba 14 a lissafinsu, wadda ta ɗan gaza 2.5 ɗinmu, ta jure jan fam 50, wato kusan kilo 23. Galan ɗin Kufuor, jarkar robar nan rawaya mai lita 25, idan ya cika da ruwa ya ɗan haura haka. Ka ɗaure kan a sama, ka rataya galan a wayar a hankali ba da fizga ba, ka bar shi minti ɗaya. Bayan haka ka yanka wata matsar a tsakiya, ka goge fuskar da magagari da takardar yashi mai laushi, ka duba da kyamarar waya. Duk wanda ke da shaidar Hukumar Makamashi ta Ghana a ƙarƙashin dokar waya ta 2011, L.I. 2008, sunansa ne a kan takardar aikin da ya yi, don haka wannan gwaji ya shafe shi ko da filayar kanti yake aiki.

Mutala, Suame

Iyayena, bayan mako biyu ga abin da ya samu. Ban ƙera filaya gaba ɗaya ba, na yanka sababbin muƙamuƙai ne daga ganyen sifirin mota na ɗora a gangar jikin ɗaya daga cikin ukun nan, na kuma sassaƙa mata sababbin ƙusoshi. Na farko da na tsoma a mai bayan ƙonawa ya yi tauri amma ya ɗan karkace, kuma da yake ban sake ɗumama shi ya huce ba, a matsa ta shida haƙorin ya ɓalle kamar kwalba. Na biyu na bar masa ɗan rara, na ƙona na tsoma, na mayar da shi wuta har ya yi ruwan kara, sannan na gyara gurbin da dutse a hankali ina matsawa ina yankawa ina dubawa.

Da kan shuɗi mai kauri da waya 2.5 ta gaskiya, goma na gwada, goma suka ɗauki galan. Da siririn kan nan na Alhaji, a gurbi ɗaya, bakwai suka zare tun galan bai bar ƙasa ba. Gurbin ja kuma yana yanke sili biyu ko uku a bakin bututu, sai da na lura gefen muƙamuƙin ya yi kaifi, na kashe kaifin, yanzu bakin bututun yana fitowa da ɗan buɗewa kamar bakin kakaki kuma silin sun daina yankewa.

Baba Seidu ya zo da kansa ranar Asabar da nasa mai dalma. Ya ɗauki galan ba gardama. Da muka kama kan a bais, matsewar kan benci, muka riƙa lanƙwasa wayar gaba da baya, nasa ya karye a bayan dalma tun nawa bai nuna alama ba.

Baba Seidu, Aboabo

Haka aka yi, a gabana. Wayar cikin fitila da ta rediyo zan ci gaba da yi musu dalma, amma ta jikin inji na ba Mutala aikin guda ɗaya mai gurbin buɗaɗɗen kan irin na mota. Na ce masa ya sa ƙusoshin da ake kwancewa da sifana, domin idan haƙoran kullen suka cinye a canza su kaɗai.

Rashida, Nima

Yaya Mutala, na auna hannuna da rula kamar yadda ka ce. Idan buɗewar mariƙin a inda yatsu ke kamawa ta wuce milimita 90, hannu ɗaya ba zai yi mini ba. Zan ba direban motar Kumasi kwalin bututun da nake aiki da su, 1.5 baƙi da 2.5 shuɗi, da guntayen waya na kowanne, ka karɓa a tashar Asafo ranar Laraba.